Rariyar Yaya a Tashar Auna Ruwa

Litinin

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar Gwaggo? Ki gaishe ta, ki ce mata ban manta ba ita da marigayi babana 'ya'yan wa da ƙani ne, ko da yake rabona da ƙofar gidanta shekara shida ke nan. Ni lafiya lau, sai bayan nan da ke yi mini tsiya duk ranar da na hau tsani.

Aiki yana nan yadda kika sani. Injuna shida a bakin kogi suna auna tsayin ruwa, ni ina tattarawa ina aika wa hedkwata. Har yau babu sabis ɗin waya a tashar nan, sai farantin tauraron ɗan'adam na kan rufi da ke jan rubutu zalla da ƙyar. Shi ya sa nake sa miki albarka kan manhajar imel ɗin da kika koya mini, baƙin allo da fararen haruffa, ba hoto ba ado. Ɗalibinki ya ƙware, in gaya miki. Da na dawo daga hutu na tarar da saƙonnin injuna sun cika mini akwati maƙil, sai na buɗe fayil ɗin saiti da kaina na kafa rariya. Yanzu duk saƙon inji yana zarcewa jakarsa ba tare da na gan shi ba, wata 'yar manhaja ta tsamo lambobin ta zuba a jadawali.

To jakar ta yi ƙiba, sun haura dubu biyu da ɗari biyar, tsohuwar kwamfutar har nishi take yi. Ofis ya ce na kwana sittin kawai ake ajiyewa. Yaya zan yi wa waɗanda suka wuce haka alama gaba ɗaya in share? Kada ki ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, yatsana ba na yaro ba ne.

Kin tambayi 'yata, Mamana. Wata uku da mako biyu ke nan ba ta rubuto mini ko harafi ɗaya ba. Ranar da zan dawo daga hutu ta gaya mini ta bar karatun harhaɗa magunguna ta koma zanen gine-gine, ba shawara ba komai. Na faɗi abin da na faɗa, ita ma ta faɗi nata. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki kira ta. Ta san inda nake.

Yayanki na bakin kogi

Laraba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Gwaggonka ta amsa gaisuwa, ta ce gwiwa da sauƙi, amma shekara shida ba shida ba ce, bakwai ce, kuma ita ba ta gaisawa da mutum ta cikin akwatin ƙarfe. Ni kuma ina nan ɗakin kwamfutocin laburare ina fama da ɗalibai masu manta kalmar sirrinsu sau uku a mako.

Ashe ɗalibi ya fara gyaran saiti ba izinin malama! Madalla. Ga yadda za ka yi. Shiga jakar, danna babban harafin T, zai tambaye ka irin saƙonnin da kake nufi. Rubuta masa alamar kwanan wata da na koya maka, ka sa fiye da kwana sittin. Za ka ga tauraro ya fito a gefen kowanne. Daga nan ka ba da umarnin sharewa ga masu tauraro duka. Ka sani dai, sa'ad da za ka fita zai tambaye ka ko da gaske kake, in ka ce e, sun tafi ke nan har abada, domin ban sa maka kwandon shara ba saboda ƙarancin wuri. Kafin ka yi, turo mini ƙa'idar da ka rubuta wa rariyar in duba.

Maganar Mamanka kuwa, ban kira ta ba tunda ka hana. Amma Yaya, kai ka rubuta mata? Layi ɗaya ba zai rage maka girma ba. Yarinyar nan tun tana shekara tara ba ta da uwa, kai kaɗai ta sani. Taurin kan nan ai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Ƙanwarka

Litinin

Ƙanwata,

Lafiya lau, ina fata ku ma haka. Ki ce wa Gwaggo na karɓi bakwai.

Na karanta saƙonki sau uku. Wato ni ne mai taurin kai? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina uwa ina uba, har kitso na koya? Ranar da muka yi faɗan ma sabuwar waya na saya mata da safe, da hannuna na miƙa mata. Yanzu kuma ni zan fara rubutu, in ce me? In ce na gode da kika mayar da ni hoto a bango? Kullum da safe kafin in sauka bakin kogi sai na buɗe akwati, kullum ba komai sai hedkwata da ke. Wanda yake son ubansa ya san adireshinsa.

Mu bar wannan. Ƙa'idar ba ta da wata wahala da za ki duba. Na lura injunan nan ba sa rubuta kan saƙo, wato takensa, wurin fayau yake kullum, alhali duk mai hankali yana sa wa saƙonsa kai. Sai na ce duk saƙon da ya zo babu kai, a kai shi jakar injuna. Layi biyu ne kacal, kuma tun da na kafa shi ko inji ɗaya bai ƙara kutsowa akwatina ba.

Na gwada taurarin, sun fito reras gwanin sha'awa, dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Ban share ba tukuna, sai na gama rahoton wata. Ranar Juma'a da safe in na dawo daga awo zan yi musu shara ɗaya.

Hadari yana haɗuwa ta gabas, kogi ya ƙaru da taƙi biyu.

Yayanki

Laraba

Yaya,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri. KADA KA SHARE KOMAI RANAR JUMA'A.

Na saɓa maka, na kira Mamanka yau da rana. Ka yi fushin daga baya. Na ce mata, ke kuwa wata uku ba ki rubuta wa babanki ba? Sai ta ce, "Anti, sau goma sha ɗaya na rubuta masa. Ko ɗaya bai amsa ba." Na ce ta ɗauko mini hoton allon wayarta, jerin saƙonnin da ta aika, ba abin da ke ciki ba. Ga su nan goma sha ɗaya, adireshinka daidai, kuma ko wanne babu kai. Da can daga kwamfutar makaranta take rubuto maka, can ta saba cike wurin. A sabuwar wayar da ka saya mata kuwa tsallake shi take yi, kamar yadda yaran yanzu duka suke yi.

Rariyarka ta kwashe 'yarka ta zuba cikin injuna, Yaya. Ni ma da laifina, na karanta ƙa'idar ranar Litinin na wuce ina jin haushin maganarka, ban tsaya na yi tunani ba.

Ga abin da za ka yi. Shiga jakar injuna. Cire taurarin duka tukuna. Sannan danna ƙaramin harafin l, wanda ke taƙaita abin da allo zai nuna, ka ce ya nuna maka duk saƙon da ba daga adireshin injuna ya fito ba. Alamar motsin rai a gaba ita ce ke nufin "ban da". Dubban nan za su ɓace daga ido, abin da ya rage na mutane ne.

Ka amsa mini da zarar ka gani, ko da kalma ɗaya ce.

Ƙanwarka

Asabar

Yaya,

Ina fata lafiya. Jiya Juma'a ta wuce ban ji daga gare ka ba. Na aika maka gajeren saƙo Alhamis, na ƙara wani jiya da sassafe, shiru. Ban sani ba ko fushi kake yi da ni don na kira ta, ko farantinka ne ya mutu, ko kuwa ka riga ka share ka rasa bakin magana. Na kira hedkwatarku, wanda ya ɗauka ya ce su ma tun Laraba ba su sami awonka ba, wai ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga. Maigidan ya ce in kwantar da hankalina, ni kuwa tun jiya nake zagaye ɗaki ina ɗaga waya ina ajiyewa, har na zuba wa Gwaggonka gishiri a shayi.

Na yi wa Mamanka bayanin rariyar dalla-dalla. Ba ta yarda ba. Ta ce, "Anti, kare shi kawai kike yi. In ma inji ne ya ɓoye nawa, shi wa ya riƙe masa hannu? Wata uku bai tambayi ko ina raye ba." Gaskiyarta ce kuwa. Da ka rubuta mata sau ɗaya tak, amsarta za ta zo ɗauke da kan saƙonka, ta faɗo akwatinka tsaf, da tuni an wuce wurin.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ranar Juma'a mai zuwa makarantarsu ke rufe rubuta sunan waɗanda za su zauna a ɗakin kwana lokacin dogon hutu. Ta ce ta gaya maka a saƙonta na ƙarshe: in ba ta ji daga bakinka ba kafin ranar, za ta sa sunanta, ba za ta zo tasha ba, ta gane ba ka son ganinta. Na ce ta jira. Ta ce jiran ne ya ishe ta. Ba kuka take yi ba da ta faɗa, muryarta a bushe, wannan ya fi tayar mini da hankali.

Don Allah in wannan ya same ka, ka fara da ita kafin ni.

Ƙanwarka

Laraba

Ƙanwata,

Lafiya lau nake, ki kwantar da hankalinki, ki ba Gwaggo haƙurin shayi. Ba fushi ba ne. Iskar Larabar da ta wuce ce ta murɗe farantin ya koma kallon bishiyoyi, ƙarfen da ke riƙe da shi ya karye. Sai jiya da yamma direban hedkwata ya samu ya shigo da wani ƙarfen, yau da hantsi muka ɗaura, ni a kan tsani shi yana riƙe da ƙafarsa yana yi mini wa'azi kan shekaruna.

Na share, ƙanwata. Ranar Juma'a, kamar yadda na ce. Sharewa ba ta bukatar faranti, ga ni zaune ba aikin yi. Ya tambaye ni ko da gaske nake, na danna e ina murmushi, har ina yaba wa kaina yadda kwamfutar ta yi sauƙi.

Da layi ya dawo saƙonninki huɗu suka faɗo a jere. Na karanta na farko a tsaye. Ban san lokacin da na zauna ba. Sau biyu ina danna harafin da ba shi ba. Direba ya leƙo ya ce ko kunama ce, na ce ya je ya sha ruwa. Na shiga jakar, na yi yadda kika ce, na rubuta "ban da" adireshin injuna. Allon ya yi fayau, sai layi tara suka rage. Biyu na wani mai tallar batir ne. Bakwai na Mamana ne.

Bakwai cikin goma sha ɗaya. Huɗun farko sun wuce kwana sittin, sun tafi da sharar Juma'a, da yatsana.

Na jera bakwan daga mafi daɗewa na karanta. A ɗaya ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyar, ƙawarta ce ta kai ta asibiti. Ni a ranar, na duba littafin aiki, ina nan ina fentin ma'aunin inji na uku. A wani ta ce malaminsu ya ɗaga zanenta a gaban aji, zanen gida ne a bakin ruwa mai dogayen ƙafafu don kada ambaliya ta ci shi, ta ce tashar nan ta tuna. A wani layi biyu ne kawai: "Baba, ko zagina ne ka yi, na ji." Nan ne na kasa, na fita bayan ɗakin janareto na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar uwarta. Ba na jin kunyar gaya miki.

Na bi umarninki, na fara da ita. Na so in yi dogon bayanin rariya da faranti, har na cika allo biyu, sai na ga duk kare kai ne, na goge. Na ce mata na ga saƙonninta yau, laifin inji kaɗan ne, nawa ne babba, domin ni ya kamata in neme ta ban nema ba. Na ce kada ta sa sunanta, ɗakinta yana nan, zan sa a gyara ragar tagar. Na ce ta zo da zanen.

Yanzu ina zaune na zuba wa allo ido. Na kashe rariyar gaba ɗaya, injuna suna ta shigo mini akwati, duk wanda ya faɗo sai na duba ko nata ne. Maganar taurin kai kuma, na janye ƙarata.

Yayanki

Alhamis

Yaya,

Alhamdu lillahi! Da na ga sunanka a akwati sai da na yi ƙara, ɗaliban laburare suka ɗago kai, ni da nake hana su surutu. Muna lafiya, yau kam har da ni.

Ta kira ni jiya da la'asar. Ina ɗauka ta ce, "Anti, ashe da gaske ne." Na ce da ƙarya na saba yi miki? Ta ce ta karanta naka sau shida, tana son ta amsa amma ta rasa ta inda za ta fara. Na ce ta fara da gaisuwa kamar 'yar mutane. Saboda haka in ka ga jinkiri kada ka fassara shi da komai, kun gaji da fassara shirun juna, ku biyun.

Rariya kuma kada ka jefar da ita, ba ita ta yi laifi ba, mai saƙa ta ne. Ka sa ta tace da adireshin mai aikowa, ba da abin da saƙo ya rasa ba. Injunanka shida duk adireshi ɗaya suke amfani da shi, layi ɗaya ya isa. Na rubuta maka shi a ƙasa, kwafa kawai za ka yi. Na ƙara da wani layin da zai sa duk saƙon Mamanka ya fito da launin kore a saman jeri, ko da kai ko babu. Na kuma haɗa da layin da zai sa maka kwandon shara mai riƙe abu mako biyu, tunda yanzu ka samu wuri. Daga yau duk gyaran da za ka yi, malama ta gani tukuna.

Huɗun da suka tafi kada su dame ka. Suna nan cikin wayarta, minti ɗaya ne ta sake turo maka.

Ƙanwarka

Asabar

Ƙanwata,

Muna lafiya, ni da injuna da direba. Ruwa ya fara janyewa. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata in Mamana ta gama hutu ni zan rako ta, mu biyo ta wurinku, kada shekarun su kai takwas.

Kore ya fito jiya da safe, ina shirin sauka bakin kogi. Ba ta sa sunanta ba. Za ta biyo direba ranar sha biyu ga wata. Ta rubuta shafi guda cur, rabinsa faɗa ne kan hawa tsani, ashe ke kika kai ƙarata. Ta kuma ce kada in ɗauka ta dawo harhaɗa magunguna. Na ce na sani, ban kuma tambaya ba. Yau na yi barci har rana ta fito, abin da na manta yadda ake yi.

Na roƙe ta huɗun nan kamar yadda kika ce. Ga amsarta, na kwafo miki yadda take:

"Baba, ba zan turo su ba. A makon farko na rubuta su, raina a ɓace. Akwai maganganun da na faɗa a ciki waɗanda tun da na aika nake addu'ar kada ka karanta, da na ga ba ka amsa ba na ɗauka su ne suka sa. Jiya da Anti ta ce sun tafi, sai da na yi sujada. Na goge nawa ma. Ka bar su."

Na daɗe ina kallon wannan. Kwana uku ina cizon yatsan da ya danna e, ashe ita can godiya take yi masa. Na so in ce mata ni uba ne, zan iya ɗauka, ko me ta faɗa. Sai na tuna abin da ni na faɗa mata a bakin mota ranar, wanda ba shi da maɓallin sharewa, kuma ba ta tayar da shi ba ko sau ɗaya cikin saƙo tara.

Na rubuta mata na ce to, Mamana, na bar su.

Yayanki na bakin kogi